Yadda Ake Haɗa wa Yaro Kundin Tarihin Makaranta, Daga Rabin Aji Har Zuwa Sauka

Ranar da wayata ta faɗa cikin bokitin wanki, ba kuɗin wayar ne ya ci mini rai ba. Hotunan walimar saukar babbar 'yata ne, waɗanda na yi ta cewa gobe zan kai a wanke, jibi zan kai, har shekara ta zagayo. Mai gyara ya kwance ta, ya busa, ya girgiza kai. Na bi dangi ɗaya bayan ɗaya ina roƙo, abin da na samo hotuna huɗu ne da suka sha yawo a WhatsApp har fuskokin suka dushe. Abin da ya tsira lafiya lau shi ne katin gayyata da takardar jerin shirye-shiryen ranar, waɗanda surukata ta jefa cikin kwalla ƙarƙashin zannuwanta. A bayan katin ta sa wani jikanta ya rubuta kwanan wata da sunan malamin da ya biya wa yarinyar allon. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe babbar waya ba ta fi ni iya ajiya.

Daga nan na fara haɗa wa kowane yaro kundinsa. Na ce kundi da gangan, domin abin ba baƙonmu ba ne. Malaman zaure sun daɗe suna tara warƙoƙi, wasiƙu, fa'idoji da ranakun haihuwa da rasuwa, su haɗa tsakanin tadarishi, su ɗaure, su zura a gafaka. Abin da za mu yi ke nan, sai dai namu da hotuna da takardun makaranta. Kuma tun yanzu in faɗa muku inda na dosa: ado ba shi ne kundi ba. Hoton da ba a rubuta komai a ƙarƙashinsa ba, bayan shekara ashirin kurma ne, bebe ne.

Mataki na farko: wurin jefa kaya

Kada ku fara da sayen littafi. Ku fara da kwalin takalmi, ko babban ambulan, ɗaya ga kowane yaro, da sunansa a jiki. Duk takardar da ta shigo daga makaranta, a juya bayanta a rubuta kwanan wata da fensir, a jefa ciki. Aikin daƙiƙa goma ne, amma shi ne ƙashin bayan komai, domin takardun makaranta da yawa ba sa ɗauke da shekara. Katin gayyata zai ce "Asabar, ƙarfe goma na safe", shi ke nan.

Me za a jefa? Katin sakamakon ƙarshen zango, katin gayyatar bikin yaye ɗalibai ko rabon kyaututtuka, takardar jerin shirye-shirye, shafin farko da yaron ya rubuta sunansa da hannunsa, zanen da ya yi na gidanku da babansa mai kai kamar tulu, takardar jarrabawar da ya yi bajinta, lambar da aka maƙala masa a ƙirji ranar tsere, tikitin shiga Gidan Makama ko gidan namun daji ranar da aka kai su ziyarar gani da ido, bajon tsohon yunifom da ɗan ƙyallen yadin kafin a mayar da rigar tsumma. Har rasit ɗin kuɗin makaranta. Wannan na ƙarshe shi ne zai fi ba su dariya nan gaba. Sai dai rasit irin na injin POS, mai santsin nan, da zafi ake buga shi ba da tawada ba, rubutunsa yana gogewa da kansa cikin watanni. A yi masa kwafi a satin da aka karɓo shi, kwafin ne zai shiga kundi.

Mataki na biyu: sa lokaci

Shekarar karatu zango uku ce. Ku ɗauki yammaci ɗaya a satin farko na kowane hutu, lokacin da katin sakamako ya zo kuma labarai ba su huce a bakin yaro ba. Firamare shekara shida, zama goma sha takwas ke nan. In kowane zango ya ci shafi biyu zuwa huɗu, za a tashi da shafi 36 zuwa 72, wanda littafi mai ganye arba'in ya ishe shi. Wanda ya ce sai yaro ya gama aji shida zai zauna ya haɗa gaba ɗaya, to ya shirya wa kansa aikin da ba zai yi ba.

Mataki na uku: tace hotuna da wanke su

Ranar wasannin gida-gida kaɗai uwa za ta iya ɗaukar hoto ɗari, saba'in daga ciki ƙura ce da ƙeyar mutane. A kundi, kowane biki hoto uku ko huɗu sun isa. Ɗaya daga nesa, wanda ya nuna filin, rumfuna da ginin makarantar. Ɗaya kusa, fuskar yaron. Ɗaya tare da malaminsa ko abokansa. Na huɗu, wanda bai san an ɗauka ba: yana shan ruwan leda bayan tsere, ko yana kuka don gidansu ya zo na ƙarshe. Irin wannan ne ake komawa a kalla. Hoton da aka ce "tsaya, ƙame, yi murmushi" duk ɗaya suke daga Sakkwato har Maiduguri.

Hoton da ya fi kowane daraja shi ne na 'yan aji baki ɗaya. In makaranta ta ce a kawo kuɗin hoton aji, a daure a biya, ko da an bar na tsayuwar ɗaiɗai.

Ga inda mutane ke yin asara ba su sani ba. Hoton da aka turo ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar tana matse shi don ya rage cin data. A fuskar waya ba a gani, amma in an wanke sai ya fito kamar an shafa masa mai. Duk wanda zai turo muku hoto, ku ce ya shiga wurin maƙala abu ya zaɓi Document, ya ɗauko hoton ta nan, zai zo da cikakken nauyinsa. Haka za ku tura wa mai wanki, ko ku kai masa ta waya da kebul. Hoton inci 4 da 6, wato santimita 10 da 15, yana son fiksel 1200 da 1800 kafin ya fito tas. Na inci 5 da 7 yana son 1500 da 2100. Za ku ga wannan lissafin in kun buɗe bayanan hoton a waya. In bai kai ba, a wanke shi ƙarami, ya fi a ja shi ya watse.

Ku kai situdiyon da ke da injin wankin hoto na gaske, ba shagon buga takardu mai ƙaramar firintar tawada ba. Masu hoton da ke zagaye a wurin biki suna miƙo maka nan take, wasu aikinsu na da kyau, wasu kuwa damina ɗaya ke cinye shi. Gwajin mai sauƙi ne: ku ɗan jiƙa yatsa ku goga a can kusurwa. In launi ya biyo yatsa, ku nemi mai hoton ya tura muku asalin ta waya, ku biya shi hakkinsa, ku sake wankewa. Ni na fi son takarda marar sheƙi. Mai sheƙi tana riƙe shatin yatsu, kuma in ta ji laima tana manne wa duk abin da ke fuskantarta.

Mataki na huɗu: littafin kansa

Akwai album ɗin nan na da, mai shafuka masu danƙo da leda a sama. Ku guje shi. Danƙon yana yin ruwan ɗorawa, ya kama bayan hoto, ranar da aka zo cirewa sai ya yage.

Hanyoyi biyu ne na gwada suka yi. Ta farko, wadda na zauna a kanta, ita ce fayil mai zobe da ledoji masu aljihu girman A4, santimita 21 da 29.7. Ana shirya shafi a kan farin kwali, a zura cikin leda. Amfaninsa, ana iya ƙara shafi a tsakiya in wani hoto ya ɓullo daga baya, ledar kuma tana tare ƙurar hunturu da hannun yara mai maiƙo. Amma a kula da irin ledar. Wadda ke warin sabuwar roba, mai taushi da nauyi, yawanci PVC ce, tana ɗauke baƙin rubutun kwafi ya koma jikinta. A nemi marar wari, wadda aka rubuta PP a jikin fakitinta.

Ta biyu, a sayi kwali a kai wa masu ɗinkin littafi, irin waɗanda ke kusa da jami'o'i da kwalejoji suna yi wa ɗalibai bangon kundin kammala karatu. Za su yanka, su ɗinke, su buga sunan yaron da ruwan zinare a bango. Ya fi kyan gani nesa ba kusa ba. Matsalarsa, yayin da ake manna kaya cikinsa yana kumbura, bakinsa ya wage, gindinsa ya fara tsagewa. Maganin shi ne a ce wa mai ɗinkin ya sa siraran kwali tsakanin ganyayyaki ta wajen gindi, ko kuma ku riƙa yanke kowane ganye na uku ku bar ɗan santimita biyu a jikin ɗinkin.

Kwalin ya zama fari ko ruwan madara, mai nauyin giram 160 zuwa 200. Takardar kwafi ta yau da kullum giram 70 ko 80 ce, ba ta iya ɗaukar hoto ba tare da ta lanƙwashe ba. Kwali mai launi, ja da shuɗi da kore irin na aikin hannu, yana koɗewa, kuma in ya ji danshi yana zuba a jikin hoto. In ana son launi, a yanka shi siriri a yi ado a gefe, kada ya taɓa hoton. Sauran kayan aiki: almakashi, reza, rular ƙarfe, fensir, baƙin biro, da gam.

Mataki na biyar: mannawa

Nan ne ake ɓata yawancin kundaye, da kyakkyawar niyya. Salatif abokin gaba ne. Bayan 'yan shekaru yana bushewa ya faɗi, ya bar tabo ruwan ƙasa wanda ba ya fita. Ƙusar sitefila da ƙarfen maƙale takarda suna tsatsa da damina, a cire su daga duk takardar da za ta shiga. Kunun sitaci ko na fulawa yana kamawa, amma gayyata ce ga kyankyasai da gara. Gam na ruwa yana sa takarda ta yamutse. Wanda ya fi dama shi ne busasshen gam mai kama da jan-baki, shi ma ga takardu da katuna, a ɗan shafa a kusurwoyi huɗu kawai.

Hoto kuwa gara kada gam ya taɓa shi sam. Ku ɗora shi inda kuke so, ku sa ɗigon fensir a kusurwoyinsa huɗu, ku ɗauke, ku sa wani kwali a ƙarƙashi, ku tsaga kowace kusurwa a karkace da reza tsawon santimita ɗaya da rabi, sai ku cusa kusurwoyin hoton cikin tsagar. Ko ku yanke kusurwoyin tsofaffin ambulan, kowanne yana ba da aljihu huɗu, ku manna aljihunan a shafi ku zura hoton. Ta haka in an tashi sake wanke shi, ko wani ɗan'uwa na son kwafi, sai a zare a mayar.

Kafin a manna komai, a jera kayan shafin duka a kalla. A bar wa rubutu aƙalla kashi ɗaya cikin uku na shafin. Ido zai ce akwai fili, a ƙara hoto. Kada ku biye masa.

Takardun asali masu amfani a gaba ba sa shiga kundi: shaidar kammala firamare, sakamakon jarrabawar aji uku na ƙaramar sakandare, na WAEC da NECO, shahadar Islamiyya, takardar haihuwa. A yi musu kwafi mai launi a manna, na asalin su zauna a fayil dabam. Kuma a bar saurin kai su a liƙe da leda mai zafi. In an liƙe ba a cirewa, ba a iya buga hatimi ko sa hannu a kan takardar, in iska ko ruwa ya shiga ta gefe ya zauna ke nan. Aljihun leda ya wadatar. Rasit mai santsi kuwa in ya shiga injin nan baƙi ƙirin zai fito. In jarida ta buga labarin makarantar ko sunan yaron a musabaƙa, a yi kwafi, domin takardar jarida tana saurin ja ta kuma ɓata maƙwabciyarta.

Tun da ana zancen takardu, ga wata riba da ban zata ba. Jera katunan sakamako wuri ɗaya ne ya nuna mini cewa makaranta tana rubuta sunan ɗana iri biyu, wani zango da harafi biyu a tsakiya, wani da ɗaya. Na je aka gyara tun yana aji uku. Tun daga 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN, kuma duk wanda ya taɓa zirga-zirgar gyaran suna ko ranar haihuwa ya san abin da nake nufi.

Mataki na shida: rubutu

A nan nake son mu daɗe. Kowane shafi ya amsa abu biyar: yaushe, a ina, me aka yi, su wa ke ciki, me yaron ya ce. A rubuta a kan kwalin, ƙarƙashin hoton. Biro a bayan hoto yana huda shati ya fito ta gaba, tawadar alƙalamin maka kuwa tana ratsawa. Baƙin biro ya fi ja da kore jimiri, fensir kuma ba ya koɗewa ko kaɗan.

Kwanan wata a rubuta cikakke, rana da wata da shekara, da sunan ranar. Ga bukukuwan Islamiyya a haɗa da na Hijira. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana goma ko sha ɗaya, don haka "watan Sha'aban" kawai ba zai gaya wa mai karatu ko da zafi aka yi ko da sanyi ba.

Hoton aji yana da dabararsa. A zana 'yan da'irori a takarda daidai da yadda kawuna suka jeru, a sa wa kowace lamba, a jera sunaye a ƙasa. A zaunar da yaron ya faɗa a satin da hoton ya zo. Bayan shekara biyu rabin sunayen sun tafi, bayan goma sai "wannan dai wani ne mai yawan kuka". A rubuta har sunan uba in ya sani, da laƙabin da ake tsokanar mutum da shi. Malamai ma haka. Yaran makarantun kuɗi "Anti" da "Ankul" suka sani, na Islamiyya "Malam" da "Ya Sayyadi". Ku tambayi cikakken suna a ofis ku rubuta, da darasin da yake koyarwa. Wata rana yaron nan zai so ya nemi wanda ya koya masa baƙi, ko ya yi masa addu'a da sunansa.

Kada rubutun ya zama irin na sanarwa. Kwatanta waɗannan biyu. Na farko: "Ranar wasanni, an yi lafiya." Na biyu: "Ta yi tseren buhu wa gidan kore, ta faɗi sau biyu, ta zo ta uku. An ba ta kofin roba da fensir biyu. Ta ƙi cin abinci sai da babanta ya dawo ya gani. Ta ce badi ba za ta sa takalmi ba, shi ya kayar da ita." Na biyun ne za a karanta wa 'ya'yanta.

A bar yaron ya yi rubutu da hannunsa a kowane zango, ko layi biyu ne, kuma kada a gyara masa kuskure. Harafin da ya juya baya, kalmar da ya rubuta yadda kunnensa ya ji, su ne abin nema. Wanda bai iya ba tukuna, a ɗora tafinsa a zagaye da fensir, a rubuta abin da ya faɗa kalma da kalma, da irin Hausarsa ta gwaranci.

Ina da tambayoyi da nake maimaita wa kowanne a ƙarshen shekara, ba na canza su: wane ne babban abokinka, wane darasi ka fi so, wanne ne ba ka so, me kake so ka zama, nawa ne kuɗin tararka kuma me kake saya. Amsar ta ƙarshe tarihin gari ce a taƙaice: awara nawa, gurasa nawa, tuwon madara nawa, kuɗin adaidaita zuwa makaranta nawa. Amsar ta huɗu kuwa, ɗana ya tashi daga direban tirela zuwa soja zuwa likita cikin shekara uku. A rubuta waƙoƙin da suke yi a taron safe da na fareti ranar 27 ga Mayu da 1 ga Oktoba. Muna ganin kamar ba za su canza ba, amma ko taken ƙasa an sauya shi a watan Mayun 2024, yaran da suka haddace ɗaya a aji biyu suka koma koyon wani a aji uku.

Da wane harshe? Da wanda kuke magana da shi a gida. In kaka ko kakan yaron na raye, a miƙa musu shafi su sa albarka da hannunsu, da boko ko da ajami. In ba sa rubutu, su faɗa a rubuta, a sa "in ji Hajiya" da kwanan wata.

Shafukan sauka

Sauka ta cancanci sashe nata, kuma ba ranar walima ake fara shi ba. A buɗe shafi tun ranar da aka kai yaro makarantar allo ko Islamiyya, a riƙa rubuta ranar da ya gama babbaƙu da farfaru, ranar da ya kai izu ɗaya, izu biyar, izu goma, rabi, har sittin, kowanne da sunan malamin da ya biya masa. Layi ɗaya ɗaya ne, amma ranar da aka kammala za a ga tafiyar shekaru a shafi guda.

Allon zayyana ba ya shiga littafi. A ɗauke shi hoto fuska biyu, a inuwa mai haske, wayar tana kallonsa kai tsaye ba a karkace ba, ba tare da walƙiyar kyamara ba. Shi kansa allon a naɗe shi da farin ƙyalle a ajiye a sama. A tuna tawadar allo da ƙaro ake haɗa ta don ta wanku, ɗigon ruwa ɗaya ko jiƙaƙƙen hannu ya isa ya ɓata aikin mai zayyana. Haka kofuna da lambobin yabo na ƙarfe: hoto a kundi, su kuma a kabad. Duk kundin da ke da ayoyi a ciki, a ba shi girmansa, ba a barin sa a ƙasa ko a hannun mai rarrafe.

Abubuwa uku da ke jawo magana

Na farko, sakamako marar kyau. Ra'ayina a sa shi. Kundin da babu komai ciki sai na ɗaya da na biyu ƙarya yake yi, kuma zangon da yaro ya zo na talatin sannan ya farfaɗo ya fi koyarwa. Amma ba don a ci masa fuska gaban baƙi ba. A manna ambulan a shafin, a zura katin ciki, a rubuta a waje abin da ya faru a zangon, rashin lafiya ne, ko sauya makaranta, ko wasa ne kawai ya yi yawa.

Na biyu, adalci. Ɗan fari yana da hoto har na ranar da ya fara riƙe fensir, auta ma ba a barin sa a baya, na tsakiya ne ke tashi da shafi uku. Yara suna ƙirgawa. A gidan da ke da ɗaki fiye da ɗaya kuwa, maigida, in za ka sayo fayil ka sayo iri ɗaya na kowa, rana ɗaya, ka kuma biya kuɗin wankin hoto daidai wa daida.

Na uku, 'ya'yan mutane. Kundi na cikin gida ne. Shafin da ke ɗauke da fuskokin yara talatin, sunayensu da sunan makarantarsu ba abin ɗorawa a Facebook ba ne, musamman a wannan zamani. Akwai kuma gidajen da ba sa ajiye hoton mutum ko kaɗan. Kundinsu zai yiwu sarai da takardu, rubutun hannu, hoton allo da na ginin makaranta, kuma sau da yawa ya fi namu rubutu mai ma'ana.

Mataki na bakwai: ajiya

Maƙiyan takarda a ƙasarmu sanannu ne: laima, gara, ɓera, kyankyaso, zafin rana da ƙura. Akwatin ƙarfe mai murfi ya fi kwali da jakar buhu. A ɗora shi a kan wani abu, kada ya taɓa ƙasa, a kuma janye shi daga jikin bango, ballantana bangon da ke tsatsafo da damina. Kada a sa shi dab da rufin kwano inda zafin bazara ke dafa komai. 'Yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi ko na magani, a riƙa tara su ana jefawa ciki, a wurin da yara ba za su kai hannu ba. Busasshen ganyen darbejiya a ƙulle cikin ƙyalle, a kusurwar akwati, dabara ce ta iyayenmu, sai dai kada ya taɓa takarda. Ƙwallayen kafur da ake sa wa tufafi ban ba da shawararsu ba a nan: yara na ɗaukar su alawa, guba ne, kuma ga yaro mai ƙarancin G6PD, wani sinadari mai kare jini, suna iya farfasa ƙwayoyin jini. Da zarar damina ta ɗauke, a fito da kundin a buɗe shi a inuwa ya sha iska wuni ɗaya, a duba alamar ƙwaro.

Kowane shafi da aka gama a ɗauke shi hoto. A ɗora a Google Photos, inda kowane asusu ke da gigabait 15 kyauta wanda yake rabawa da Gmail da Drive, a kuma tura kwafi ga wani ɗan'uwa a wani gari. A rubuta adireshin asusun da lambar sirrinsa a ajiye inda maigida da uwargida duka suka sani. Ambaliyar da ta mamaye Maiduguri a Satumban 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ta isa nuna cewa akwatin ƙarfe ma yana da iyaka, kamar yadda bokitin wanki ya nuna mini iyakar waya.

In yaro ya riga ya yi nisa

Wata za ta ce nata yana aji biyar, ba ta ajiye komai ba. A fara da zangon da ake ciki, a gama shi tsaf, sannan a riƙa komawa baya. A zazzage jakunkunan makaranta na da, ƙarƙashin katifa, cikin littattafan addini inda ake cusa takardu, da tsofaffin wayoyi da memori da ke kwance a durowa. A tambayi iyayen abokansa, kusan kullum akwai uwa ɗaya a aji da ke da hoton kowane biki. A je makaranta a roƙi kwafin sakamakon shekarun baya da sunayen malaman da suka riƙe ajin. Inda ba a tuna rana ba, a rubuta "wajen ƙarshen zango na biyu, aji uku", kada a ƙirƙiri kwanan wata. Shekarar da ba a samo mata hoto ko takarda ba, a zaunar da yaron da yayyensa su ba da labarin abin da suka tuna, a rubuta shafi ɗaya, a sa sunan wanda ya faɗi kowanne, a bar rabin shafin fili ko wani abu zai ɓullo daga kwallar kakarsu.